Tsofaffin lasifikoki uku da amfilifaya guda: wacce za a saya, kuma a ina za a ajiye ta?

Tambaya: Na gaji amfilifaya mai haɗe da rediyo, Pioneer SX-780, daga wurin mahaifina, kuma har yanzu tana aiki, sai dai lasifikokinta sun daɗe da lalacewa. A wurin wani mai sayar da kayan sauti na hannu na tarar da tsofaffin lasifikoki iri uku, kowane iri guda biyu: AR-3a, da babbar Advent, da wata Sansui mai ragar katako a fuska, wadda kowane akwatinta ke da bakuna biyar. Mai kayan ya ce in ɗauki Sansui domin ta fi yawan wat. Falona mita 5 ne a tsawo, mita 4 a faɗi, bangon siminti ne, ƙasa kuma tayil. Wacce zan saya, kuma yaya zan ajiye su?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ka ci moriyar abin da ya bari. Idan Advent ɗin ta tsallake binciken da zan bayyana maka a ƙasa, ita nake ba ka shawarar ɗauka, domin a cikin ukun nan ita ce ta fi dacewa da amfilifayar da ke hannunka da kuma falon da ka kwatanta. Tsohuwar lasifika ba a sayen ta don sunan da ke fuskarta kaɗai, ana duba lafiyarta, a duba na'urar da za ta tura ta, a duba ɗakin da za ta zauna, domin sautin da zai iso kunnenka aikin waɗannan ukun ne tare.

Maganar wat da mai kayan ya yi ita ce farkon abin da za ka ajiye gefe. Adadin wat da aka rubuta a bayan lasifika kamar rubutun da ke jikin babbar mota ne mai nuna nauyin da za ta iya ɗauka, bai gaya maka gudunta ko man da take sha ba. Yana nuna ƙarfin da lasifikar za ta jure kafin ta ƙone, ba ƙarar da za ta fitar ko daɗin sautinta ba. Abin da ya fi shi muhimmanci shi ne yawan ƙarar da lasifika ke bayarwa idan aka ba ta wat ɗaya aka auna daga nisan mita ɗaya, wanda ake lissafawa da desibel. Duk lokacin da ka ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, desibel 3 kawai kake ƙarawa, kuma sai ka ninka shi sau goma kafin ka sami desibel 10, wanda kunne ke ji kamar ƙarar ta ninku sau biyu. Lasifikar Klipschorn da Paul Klipsch ya fara ƙerawa a garin Hope na jihar Arkansas a 1946 tana ba da kusan desibel 104 da wat ɗaya, ƙaramar LS3/5A ta gidan rediyon BBC kuwa ba ta wuce 82 zuwa 83 ba, wato sai an ba ta ƙarfi fiye da sau ɗari kafin ta kamo waccan a ƙara. Wannan tazara ita ce take nuna ko wat 45 da SX-780 ke bayarwa a kowane gefe zai wadatar ko ba zai wadatar ba.

Abu na biyu shi ne om, wato irin turjiyar da lasifika ke yi wa wutar da amfilifaya ke tura mata. Idan om ya yi ƙasa, lasifikar tana zuƙar wuta mai yawa, amfilifaya kuma tana ɗaukar zafi. A nan ne AR-3a ta fita daga lissafinka, domin om 4 ce, kuma a wasu muryoyin tana sauka ƙasa da haka, ga shi ba ta cikin masu ba da ƙara da ƙaramin ƙarfi. SX-780 ta fito a 1978, kuma sashenta na ƙarshe mai tura lasifika an gina shi ne a kan wasu dunƙulallun kayan wuta guda biyu masu lamba STK-0050, waɗanda masu gyara suka san cewa zafi na kashe su, kuma na asalinsu sun yi wuyar samu, jabu ne suka cika kasuwa. Amfilifaya mai shekaru sama da arba'in, a garin da zafin bazara kan haura digiri 40, ba zan so a ɗora mata lasifikar da za ta riƙa wahalar da ita kullum ba. Akwai kuma haɗari ga lasifikar kanta: idan aka matsa wa ƙaramar amfilifaya fiye da ƙarfinta, sai sautin ya fara karcewa, kuma wannan karcewar ce ta fi ƙona tiwita, wato ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti.

Ban faɗi haka don rage darajar AR-3a ba, domin a ƙira da tarihi ta fi sauran biyun. Edgar Villchur da ɗalibinsa Henry Kloss sun kafa kamfanin Acoustic Research a Cambridge ta jihar Massachusetts a 1954 bisa wata dabara da ta canza sana'ar baki ɗaya. Kafin su, mai son bes mai zurfi, wato sauti mai kauri irin na babbar ganga, sai ya nemi ƙaton akwati. Villchur ya sassauta riƙon faifan wufa, wato babban bakin da ke fitar da bes, har ya zama ba ya iya tsayuwa daidai da kansa, sannan ya rufe akwatin ruf, ya bar iskar da ke ciki ta zama ita ce ke mayar da faifan mazauninsa. Da haka akwatin da mutum ɗaya zai iya ɗagawa ya fitar da bes mai zurfi da tsabta, amma abin da aka biya shi ne yawan cin wuta. AR-3 ta fito a 1958, AR-3a ta biyo baya a 1967 da wufa mai inci 12 da ƙananan bakuna biyu masu kan tulluwa. Sai dai kusan duk wadda za ka samu yau tana da ciwo guda biyu: maɓallan murɗawa biyu da ke bayanta sun yi tsatsa mai kore har sauti yana yankewa, tiwitarta kuma ta raunana saboda tsufa, kuma samun ta asali mai lafiya ba ƙaramin aiki ba ne. Wannan lasifika ta mai babbar amfilifaya ce, wanda kuma yake da haƙurin gyara.

Advent kuwa daga gida ɗaya suka fito. Henry Kloss ya bar Acoustic Research ya kafa KLH da abokansa a 1957, sannan ya kafa Advent a 1967, kuma a 1969 ya fitar da wannan lasifika da nufin ta yi bes mai zurfin na AR-3a a kan kimanin rabin kuɗinta. Rufaffen akwati ne ita ma, amma bakuna biyu kawai gare ta, om 8 ce, kuma an yi ta ne domin irin amfilifayoyin da ɗalibai da matasan ma'aikata ke iya saye a wancan zamani, masu wat 20 zuwa 60. Wat 45 a falo mai mita 5 da 4 ya ishe ta har da saura. Ƙarancin kayan cikinta ma alheri ne gare ka, domin abin da zai lalace kaɗan ne, kuma an sayar da ita da yawa ƙwarai, don haka kayan gyaranta ba su ɓata ba. Muryar mutum tana fita a cikinta da nauyinta na gaskiya, kuma ana iya sauraren ta tsawon yini ba tare da kunne ya gaji ba.

Ita Sansui mai ragar katako ba za ta wahalar da amfilifayarka ba ko kaɗan, domin irinta suna ba da ƙara mai yawa da ƙaramin ƙarfi, kuma yawancinsu gefen wufarsu na yadi ne wanda ba ya ruɓewa. Sojojin Amurka da suka yi aiki a Asiya lokacin yaƙin Biyetnam sun saye su da yawa sun kai gida, shi ya sa suka bazu a kasuwar kayan hannu. Aikin katakon fuskarsu abin sha'awa ne. Amma yawan bakuna ba shi ne daɗin sauti ba. Idan bakuna da dama suna fitar da murya ɗaya daga wurare daban-daban a fuskar akwati, sautinsu yana karo da juna, kuma babbar wufarsu mara nauyi ba ta sauka ƙasa sosai duk da girmanta. A falo mai siminti da tayil, kaifinsu zai yi maka yawa. Da babbar rumfa ko tsakar gida kake son cikawa da ƙara, da ita zan nuna maka.

Ranar da za ka koma wurin mai kayan, tafi da mita ta masu gyaran rediyo, da batirin tocila mai bolt 1.5, da guntun waya, da sautin da ka sani sosai. Cire ragar fuska ka fara duba zoben da ya haɗa faifan wufa da ƙarfen da ke riƙe da shi. Na Advent soso ne, kuma irin wannan soso ba ya wuce shekara goma sha biyar zuwa ashirin sai ya fara marmashewa, a ƙasa mai zafi ma ba ya kai haka. Idan ka tarar ya ruɓe, wannan ba aibi ba ne, dalili ne na neman ragi, amma kada ka yarda a kunna ta da ƙarfi a haka, domin kwayil ɗin da ke cikin maganaɗisu zai goge ya lalace. Ka buɗe yatsunka ka dafa faifan a kewayen tsakiyarsa, ka tura shi ciki a hankali kuma daidai wa daida. Idan ka ji karce ko ƙaiƙayi a ƙarƙashin yatsunka, kwayil ya taɓu. Idan soson yana da lafiya kuma akwatin a rufe yake da kyau, za ka ga faifan ya dawo a sannu, ba zumbur ba, wannan kuwa ita ce shaidar cewa iska ba ta zurarewa.

Sannan ka ɗora mita a kan maƙalan waya biyu na baya. Lasifika mai om 8 takan nuna ƙasa da 8 a mita, wannan daidai ne. Abin da kake nema shi ne akwatunan biyu su nuna adadi kusan ɗaya. Idan ɗaya ta bambanta da yawa, an taɓa canza wani abu a ciki. Taɓa batirin a maƙalan na ɗan lokaci kaɗan, kan batirin a jan maƙali: wufa za ta yi ƙas ta motsa, kuma dole duka biyun su motsa ta fuska ɗaya. Tiwita kuwa kada ka gwada ta da batir. A kunna sauti ƙasa-ƙasa, ka naɗe takarda ta zama bututu, ka kara bakinta a tiwitar, ɗayan bakin a kunnenka, za ka ji ko tana aiki. Mutane da yawa sun sayi lasifika mai matacciyar tiwita ɗaya ba su lura ba sai da suka kai gida.

Ka tabbatar bakunan na asali ne. Wufar Advent ta farko faifanta inci 10 ne a cikin ƙarfe mai faɗin inci 12, da zoben katako mai launin ƙasa da ya cike tazarar, ta baya kuma ƙarfe ce gaba ɗaya. Tiwitarta tana da ƙullutu a tsakiya mai launin ruwan lemo ko kore. Idan ka ga an cusa wufar mota mai walƙiya a gurbin, ka bar ta ko da akwatin yana sheƙi, domin wufar da girman akwatin da allon da ke raba sauti tsakanin bakunan an auna su ne tare, kuma idan aka canza ɗaya, sunan Advent kawai ya saura. Juya akwatin ka duba gindinsa da kusurwoyinsa. Garin katako ne da aka matse aka lulluɓe da fatar katako ko leda, idan ya sha ruwa yakan kumbura ya fara zuba, kuma wannan ba ya gyaruwa yadda ya kamata. Ka duba alamar gara da ɓeraye, musamman idan kayan sun daɗe a sito.

A wajen gwajin sauti, fara da muryar mutum, karatu ko labarai, domin kunnenmu ya fi sanin murya a kan komai, kuma nan da nan za ka gane idan tana fita ta hanci ko ta yi kauri fiye da ƙima. Bayan haka ka sa kiɗan da ke da kalangu ko ganga ka ji ko bugun yana tsayawa cak ko yana jan jiki. Ka murɗa maɓallin daidaita gefe zuwa hagu, sannan zuwa dama, ka saurari kowace ita kaɗai.

Sauya soso aiki ne mai sauƙi ga wanda ya iya, amma nan ne ake kashe lasifikoki masu kyau da yawa. Dole a nemo soson da aka yanka domin wannan wufar, mai laushi, domin dabarar rufaffen akwati gaba ɗaya ta dogara ne a kan sassaucin riƙon faifan. Idan mai gyara ya liƙa yadi mai tauri ko robar lasifikar mota ya shafe da gam mai ƙarfi, faifan zai daina motsi yadda aka tsara, bes mai zurfin da ka saye ta dominsa ya tafi. Ka tsaya a kan a kankare tsohon gam tsaf, a daidaita kwayil a tsakiya kafin gam ya bushe, a yi wa duka biyun a rana ɗaya, kuma idan za a mayar da wufar a sa abin toshe iska a bakin ramin. Kondensar da ke allon rabon sauti ita ma takan tsufa. A canza ta da mai adadi ɗaya da wanda aka rubuta a jikinta, ba wadda ta samu ba.

Kafin ka jona su, a duba amfilifayar ita ma. Mai gyara ya auna maƙalan lasifika da mita, ba tare da sauti ba, ya ga ko wutar tsaye, wato DC irin ta batir, tana zurarowa. Idan ta haura kimanin milibolt 50, a gyara tukuna, domin amfilifaya mai ciwo tana iya ƙona wufa cikin daƙiƙoƙi. A hure ƙurar hunturu da ta taru a ciki, a bar mata sarari a sama kada a ɗora komai a kan ramukan iskarta, a sa mata sitabilaiza mai kyau, kuma a kashe ta kafin a sauya wuta zuwa janareta.

Yanzu sai ajiyewa, wadda a ganina ita ce rabin aikin, kuma ba ta cin kuɗi. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, kuma kowane ɗaki yana da muryoyin da yake kumburawa gwargwadon tsawonsa da faɗinsa. A falonka, tsawon mita 5 zai ƙarfafa sauti wajen haz 34 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti, ƙaramin adadi yana nufin sauti mai kauri), faɗin mita 4 kuma wajen haz 43, kuma Advent tana sauka har wannan yankin, bangon siminti kuwa ba ya shanye bes, mayar da shi yake yi. Saboda haka kada ka cusa su a kusurwa, domin a nan ne duk waɗannan muryoyi suke haɗuwa, sai ka ji gunji maimakon kiɗa. Akwai lasifikar da aka ƙera domin kusurwa, kamar Klipschorn wadda bangon ɗaki yake zama cikon ƙahonta, akwai kuma Bose 901 ta 1968 da bakuna takwas cikin taranta suke kallon bango, amma Advent ba ta cikinsu.

Jera su a jikin bango mai mita 4 suna kallon tsawon falon. Tunda ba su da ramin iska a baya, za ka iya farawa da tazarar santimita 20 zuwa 30 tsakanin bayansu da bango, ka bar aƙalla santimita 70 daga bangon gefe, wanda zai ba ka kusan mita 2 tsakaninsu. Roy Allison, wanda ya daɗe yana aiki a Acoustic Research kafin ya kafa nasa kamfanin a 1974, ya nuna cewa sautin da ya bugi bango ya dawo yana soke wani yanki na bes gwargwadon nisan wufa da bangon: a nisan mita ɗaya ramin yana faɗawa wajen haz 86, a rabin mita kuma wajen haz 170. Darasin da ke ciki shi ne kada nisan wufa daga ƙasa, da nisanta daga bangon baya, da nisanta daga bangon gefe su zo ɗaya, domin idan suka zo ɗaya ramukan uku sukan taru a wuri guda. Ka riƙa matsar da su da faɗin tafin hannu kana sauraren abu ɗaya har ka ji bes ya cika ba tare da ya danne murya ba, sannan ka yi alama a tayil.

Kada ka ajiye su a ƙasa kai tsaye. Tsayin akwatin kimanin santimita 65 ne, don haka kafinta ko mai walda ya yi maka mazauni mai nauyi, santimita 30 zuwa 40, yadda tiwita za ta zo kusa da saitin kunnenka idan kana kan kujera, kuma hakan zai raba su da ruwan goge tayil. Idan kuwa a kan darduma ka fi zama kana saurare, mazaunin ya zama gajere. Wurin zamanka ya kasance nisansa daga kowace lasifika ya ɗan fi tazarar da ke tsakaninsu, wato mita biyu da rabi zuwa uku. Kada kujerar ta manne da bangon baya inda bes ke taruwa, kada kuma ta zauna a tsakiyar falon daidai inda yake ɓacewa. Ka ɗan karkato su zuwa gare ka har murya ta tsaya a tsakiya kamar mai maganar yana tsaye tsakanin akwatunan.

Tayil da siminti suna buƙatar a tausasa su. Tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar falon. Idan ka ji ƙarar tana karkarwa tsakanin bangaye, ɗakin ya yi tauri. Shimfiɗa kafet mai kauri tsakaninka da lasifikokin, rataya labule mai nauyi a taga, kuma kujerun kushin da kantar littattafai suna taimakawa ƙwarai. Domin gano inda sauti ke fara bugun bangon gefe, zauna a wurinka wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon, inda ka hango tiwita a madubin nan ne ya fi buƙatar labule ko wani abu mai laushi. Sai bayan ka yi wannan za ka taɓa ƙaramin maɓalli mai matsayi uku da ke bayan Advent, wanda ke rage ko ƙara siririn sauti, kuma ka sa duka biyun a matsayi ɗaya.

Waya ba sai mai tsada ba, tagulla zalla mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2.5 ta isa, amma ka kankare bakinta ka gani, domin akwai alminiyam da ake shafa wa ruwan tagulla. Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a duka gefen. Idan aka juya ɗaya, bes zai zube kuma murya ta rasa mazauni. SX-780 tana da wurin jona lasifikoki huɗu, sai dai biyu masu om 8 a gefe ɗaya suna komawa om 4 a wurin amfilifaya, don haka ka tsaya a kan guda biyu. Idan Advent ɗin ta faɗi a bincike, kada ka koma kan AR-3a don kawai tana nan. Ka jira har ka sami Dynaco A25 ta 1969, wadda zobenta na roba ne ba ya ruɓewa, ko KLH Model Six mai zoben yadi, domin duka biyun om 8 ne kuma wat 45 yana tura su ba tare da amfilifayar ta wahala ba.